Landirobar Mamman

Shafi na 17

Assalamu alaikum 'yan uwa. Saura ƙiris in bar shafin nan ban rubuta ba. Sau biyu ina farawa ina gogewa. Masu turo min saƙo cewa na yi shiru, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne, hannuna ne ya yi nauyi.

Wanda bai samu na baya ba, ga inda muka kwana. Zamanin Yauri na cikin Jihar Sakkwato ne. Ladan bakanike yana harhaɗa Landirobar mahaifinsa Mamman Direba, wadda ta faɗa kogin Kwara da shi da fasinja uku kusan shekara ashirin da suka wuce, tun kafin ruwan Kainji ya cinye tsohon garinsu. Mutane sun ce ganganci ne ya kashe su. Ladan ya rantse sai ya tayar da motar ya wanke ubansa.

*

An sauko daga la'asar Saratu, ƙanwar Ladan, ta shiga garejin da kwanon tuwo a kanta.

Motar na nan ƙarƙashin mangwaro, an ɗage ta a kan kututture. Duk wanda ya gan ta sai ya sake kallo. Ƙofar dama daga Shanga Ladan ya karɓo ta, inda ta daɗe tana tare awaki. Bonet ɗin a Warra aka same shi ana shanya kifi a kai, har yau in rana ta buge shi ƙarni yake tashi. Kujerar gaba kuwa wani wanzami ne a Birnin Yauri ya yi ta zaunar da mutane a kanta. Abin da aka narke aka yi tukwane da shi, Ladan ya nemo na gwangwan ya cike.

Inji ya zauna. Giya ta zauna. Sitiyari na juyawa. Birki kaɗai ya rage.

Sai dai yau babu ƙarar guduma.

Kawu Illo, wan Innarsu, yana tsaye gefen motar da hularsa a hannu, ƙafafunsa duk taɓon bakin ruwa. Shi ne ya ɓoye ƙwarangwal ɗin motar a bayan gidansa ƙarƙashin tsofaffin komayen kamun kifi, ya hana kowa, sai bara da dattawa suka sa baki.

“Yaya, ga abinci.”

Ladan ya fito daga ƙarƙashin motar, bayansa duk ƙasa. Ko kallon kwanon bai yi ba.

“Ajiye. Gara da kika zo, ki zama shaida.”

“Shaidar mi?”

“Kawu, duƙa ka gani.”

Kawu Illo ya ɗan yi murmushin yaƙe. “Ɗan nan, gwiwata ba ta duƙuwa. In na duƙa sai an kira jak ɗinka ya ɗaga ni.”

“Ashe? Amma ta duƙu ranar da kake shafa kwalta.”

Murmushin ya ɗauke.

Ladan ya buɗe tafin hannunsa. Ɓarɓashin baƙar kwalta ne, ya bushe ƙayau.

“Tun safe nake kankare wannan daga jikin ƙarfe. Wuri ɗaya tak aka shafa ta a duk motar, aka lafta da kauri. Wannan ba kwaltar titi ba ce. Ta liƙe jirgin ruwa ce. Wa ke da jirgi a gidanmu, Kawu?”

Kawu ya sunkuyar da kai yana kallon hularsa.

“Saratu, leƙa.”

Ta durƙusa ta sunkuyar da kai. Wani siririn bututu ne mai kaurin kara ya bi jikin ƙarfen, ya yi kore don tsufa. Ya tafi ya tafi, sai ya katse. Bayan kamar tsawon tafin hannu ya ci gaba. Inda Ladan ya kankare bakinsa, ja ne yana ƙyalli.

“Fayif ɗin birki ke nan,” in ji Ladan. “Ta cikinsa mai ke bi. In ya katse, ko ka taka birki har ƙafarka ta huda ƙasa, iska kake takawa. Dubi bakin. Ba tsatsa ba ce. Ba dutse ba ne. Lanƙwasa shi aka yi ta yi gaba da baya har ya karye, nan da can, aka ɗauke na tsakiya. Ruwa ba ya da hannu, Saratu. Mutum ne.”

Ta miƙe tsaye.

Duk gidan an san yadda Mamman yake tayar da motar. Tun da handil ɗin tayar da inji ya taɓa karya masa wuyan hannu ya daina juya shi. A kan tudu yake kwana da ita, hancinta na kallon kogi, dutse a ƙarƙashin taya don birkin hannu ya daɗe da mutuwa. Da safe a janye dutsen, ta gangara, ya saki kuloci ta kama, sai ya taka birki a kwanar bakin ruwa ya bi hanyar kasuwa.

Wato takun farko na ranar, a bakin ruwa yake yin sa.

“Ni na janye dutsen,” Ladan ya ce. “Ina ɗan yaro. Ya leƙo ta taga ya ce, ‘Yaron mota, janye!’ Na janye ina dariya. Tun ranar nake cewa ko da wuri na janye, ko ni ne. Mutane suna cewa ubana mahaukacin direba, ni ina cewa ni ne. Ashe kai kana zaune kana cin kifinka.”

“Ladan…”

“Kar ka kira sunana! Ba kai ka tare shi a mashayar bakin kogi ba ana gobe abin zai faru? Ba kai ka ce motarsa ta kwashe maka fasinjan jirgi ba? Ba kai ka ce ruwa zai ci ta ba? Har yau akwai masu rai da suka ji.”

“Na hwaɗi haka.”

“To?”

“Baki na hwaɗin abin da zuciya ba ta nufa ba.”

“Kwaltar fa? Ita ma baki ne?”

Kawu Illo ya juya hularsa a hannu. “Kwalta ni nis shafa.”

Ladan ya miƙa hannu ya sunkuto handil ɗin motar daga kan bonet. Ƙarfe ne mai nauyi, mai gwiwa biyu. Saratu ba ta san lokacin da ta faɗa tsakaninsu ba, ta ware hannuwa.

“Yaya! Don girman Allah! Wan Inna ne!”

“Kauce.”

“Sai dai ka fara da ni.”

A nan ne ta ga abin.

Kawu ba handil ɗin yake kallo ba. Ba Ladan yake kallo ba. Hannunta na hagu yake kallo, inda gyalenta ya zame. Kallo ɗaya, ya kawar da kai da sauri kamar wanda ya taka garwashi.

“Rufa jikinki, ɗiyata,” ya ce a hankali. “Ki tahi gida.”

Ladan ya sauke handil ɗin, amma bai ajiye ba.

“Albarkacin Inna na ba ka daren nan. Gobe da hantsi ka zo nan. Zan tara dangin mutum ukun da suka mutu da shi. Ka faɗa da bakinka a gabansu. In ba ka zo ba, ni zan zo. Kuma wallahi ba da magana zan zo ba.”

“Ina zuwa,” in ji Kawu. “In abin da kake so ka ji ke nan, za ka ji shi.”

Ya sa hularsa ya fita yana jan ƙafa.

Tuwon ya huce a inda ta ajiye shi.

*

A hanyar gida Saratu ta yi ta murza abin da ke hannunta.

Awarwaro ne na jan ƙarfe, siriri, bakinsa bai haɗe ba. Ba ta san kanta babu shi ba. Inna ta ce a ƙafa aka fara sa mata tana jaririya, da ta girma aka buɗe shi aka mayar hannu. Ta ce magani ne, kar a cire ko wurin wanka.

Rami gare shi a ciki.

Tana yarinya ta taɓa zare shi ta sa a baki ta busa, ya yi ƙara kamar usur. Ranar ce kaɗai Inna ta taɓa dukanta. Ta doke ta har ta gaji, sannan ta rungume ta tana kuka.

Wane maƙeri ne yake ƙera awarwaro da rami?

Ta tarar da Inna Kulu a tsakar gida tana gyaran kifin banda, hayaƙi na bin katanga.

“Ya ci?” Inna ta tambaya ba ta ɗago ba.

Ba ta faɗin sunansa. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunan ba, ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. “Yayanki,” ko “wancan,” shi ke nan.

“Bai ci ba. Ya kai kan birki, Inna.”

Wuƙar ta tsaya.

“Ya ce an karya fayif ɗin da hannu. Ya ce Kawu ne. Saura kaɗan ya fasa masa kai da ƙarfe a gabana.”

“Illo mi yac ce?”

“Ya ce gobe zai amsa a gaban mutane.”

Inna ta ci gaba da yankan kifin. Sai dai wanda ta riga ta yanka take sake yankawa.

Saratu ta durƙusa a gabanta. Ta miƙa hannun hagu cikin hayaƙin.

“Inna, wa ya ƙera min wannan?”

“Tashi ki ɗebo min ruwa.”

“Wane maƙeri ne?”

“Na ce ki tashi.”

“Na ga inda ya fito. Na gani da idona. Kaurinsu ɗaya, launinsu ɗaya. Inna, ki dube ni.”

Wuƙar ta faɗi cikin toka.

Inna ba ta ɗauke ta ba. Can nesa injin wani jirgi na dawowa daga tafkin Kainji.

“Kina da wata biyar,” Inna ta fara, tana kallon wutar. “Zazzaɓi yak kama ki. Ki sanƙare, idonki ya juye, ki saki, ki sake sanƙarewa. Biyu na rufe kahin ke, duk haka sunka yi. Tsohuwa Asibi ungozoma taz zo tad dube ki. Tac ce mutanen ruwa ne ke son su mai da ke. Tac ce ba abin da suke tsoro sai jan ƙarfe, a ɗaura miki a ƙahwa kahin rana ta hito, in ba haka ba a nemi likkafani.”

“Baba fa?”

“Ubanku ba ya son zancen. Yac ce camfi ne, da sahe in ya sauke mutanen kasuwa ya dawo ya kai ki asibitin Yelwa. Da sahe! Ni ina ganin numfashinki na tahiya.”

Ta share fuska da gefen zani.

“Maƙeri na ƙetaren kogi. Gidanmu ko zoben jan ƙarfe babu. Amma akwai wata kaza tawa da ke ƙwai a ƙarƙashin motar. Kullum in na kutsa ɗauka ina ganin wani jan abu siriri a jikin ƙarfe. Ƙarafuna ne rututu a wurin, Saratu. Nac ce ɗan wanga ba shi da wani aiki. Nac ce ko an ɗauka ba za a sani ba.”

“Inna…”

“Da asuba yana masallaci nis shiga. Na yi ta lanƙwasa shi har hannuna yay yi jini. Da yak karye wani mai yaz zubo min a huska. Nat tura ƙasa na rufe wurin kar ya gani ya yi hwaɗa. Hwaɗansa nike tsoro. Hwaɗa kawai.”

Saratu ta rufe awarwaron da tafin hannunta.

“Ina ɗaki ina naɗa miki shi naj ji yana ce ma yayanki ya janye dutse. Naj ji mota ta gangara. Naj ji ta kama. Ina jiran ƙarar birkin da yake yi a kwana kullum.” Ta gyara itacen wutar. “Har yau ina jira.”

Kitsen kifi ya ɗiga a wuta ya yi cuuu.

“Kawu ya sani?”

“Shi yay yi nutso yah hito da su. Shi yaj jawo motar da mutanensa. Yag ga wurin. Ranar ta'aziyya yad ɗauke ki zai yi miki addu'a, sai yag ga ƙahwarki. Yad dube ni, nad dube shi. Ko kalma bai ce ba, har yau. Yat tahi yas shafe wurin da kwalta, yab bar mutane sunka kwashe sauran motar, wancan ɓangaren yak kai bayan gidansa.”

“Yaya fa? Kina ji yana firgita cikin barci yana cewa shi ne. Ina ƙarama ina jin sa. Kina ji, Inna.”

“Ina ji.”

“Ba ki ce komai ba.”

“Da wane baki? Yaron da ko sunansa ba ni iya hwaɗi, in tsaya gabansa in ce ni nak kashe mishi uba?”

Saratu ta kalli awarwaron. Ta ji kamar maciji ne ya naɗe mata hannu. Akwai tambaya ɗaya da ta rage, ba ta son amsarta, amma ta yi.

“Na warke?”

Inna ta rufe ido.

“Kahin a hito da gawarsu kin kama nono.”

Mutum huɗu. Ubanta, da mata biyu masu kai daddawa kasuwa, da wani saurayi da aka sa ranar aurensa. Ita kuma ga ta nan zaune, da ƙafa da hannu, tana shaƙar hayaƙin banda.

Inna ta cafki hannunta da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

“Cire shi. Gobe ki jefa shi tafki, can wajen zurfi, ya tarad da tsohon gari. In babu shi babu shaida.”

“Kawu fa?”

“Illo namiji ne. Ya ce zai ɗauka.”

“Dangin mutum uku, Inna. Da Yaya da ƙarfe a hannu. Ko ya amsa ko bai amsa ba, ba za su bar shi ya fita da ƙafarsa ba. In Yaya ya kashe shi fa? Ki rasa wa, ki rasa ɗa?”

“In kuwa yaj ji ni ce, na rasa shi ko yana raye.”

Aka kira magariba. Babu wadda ta motsa sai da aka kusa tayar da salla.

*

Washegari rana ba ta gama fitowa ba Saratu ta yafa gyale ta fita. Inna na zaune a kan tabarmar salla ta ba ta baya. Ba ta tambaye ta ina za ta ba.

Ta bi ta bakin tafki.

Ruwan ya kwanta lumui. A ƙarƙashinsa, can wani wuri, akwai tudun, da kwanar, da kabarin uban da ba ta san fuskarsa ba. Ta zare awarwaron. Inda ya zauna fatar ta yi fari, ta yi santsi kamar tabon ƙuna.

Ta ɗaga hannu.

Sai ta hango Kawu Illo yana ɗaure jirginsa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar ba Juma'a ba ce. Ya kwance komarsa ya miƙa wa maƙwabcinsa, ya miƙa masa filafilin tuƙa jirgi, ya riƙe hannunsa ya daɗe yana magana, irin ta mai barin sallahu.

Ta sauke hannun.

Babu kowa a garejin. Ta ɗauki filaya a kan benci, ta ɗora awarwaron a kan kututture, ta yi ta miƙar da shi kaɗan kaɗan yadda take ganin Ladan na yi wa waya. Ƙarfen bai yi gardama ba. Laushi gare shi.

Ta kwanta rigingine a ƙasa ta ja jiki ta shige ƙarƙashin motar. Warin baƙin mai da tsohon kifi ya cika mata hanci. Ta lalubo bututun, ta bi shi da yatsa har inda ya katse.

Ta ɗaga nata ta sa a gurbin.

Ya zauna. Bai rage ba, bai yi saura ba.

Tana riƙe da shi haka ta ji taku. Takalman Ladan suka tsaya daidai kanta, bakin handil na jan ƙasa a gefensu.

“Wa ke ƙarƙashin motata?”

“Ni ce, Yaya.”

“Kin haukace? Fito, mutane na hanya.”

“Kwanto ka gani tukun.”

Ya yi tsaki. Ta ji handil ya faɗi. Ya kwanta ya jawo jiki har kafaɗarsa ta taɓa tata. Ya ɗaga ido.

Ya kalli tsohon bututun kore. Ya kalli guntun da ke tsakiya, ja, sumul, ya sha gogar jiki. Ya kai yatsa ya shafa mahaɗin nan, ya shafa na can. Sannan idonsa ya sauko kan hannun da ke riƙe da shi, kan farin zoben da ke fatarta.

Ya janye yatsarsa.

“Saratu.” Ya juyo ya dube ta. “Wa ya sa miki wannan?”

Ta buɗe baki, amma ba ita ta amsa ba.

Daga ƙarƙashin motar ƙafafu kawai ake gani. Wasu ƙafafu ne tsaye a bakin garejin, babu takalmi, duk toka, gefen zanin salla na jan ƙasa.

Muryar Inna na rawa, kamar mai koyon magana.

“Ladan.”